Muna son duniyar Shadowrun amma dokokinta sun mana nauyi, wanne za mu ɗauka a madadinsu?

Ɗan_Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka daɗe suna wasan nan na tebur, wanda mutum ɗaya ke jan labari sauran kowa ya riƙe jaruminsa ana jefa dayis. Mu shida ne, ni ke jan wasan, kuma abin da ranmu ke so shi ne Shadowrun. Ni ta wasan kwamfuta na shigo, Dragonfall ɗin nan na 2014 da labarinsa ke faruwa a Berlin, daga baya na bi diddigi na gano ashe asalinsa na tebur ne tun 1989 kamfanin FASA ya fitar da shi. Wlh duniyar ta kama ni sosai. Sihiri ya dawo duniya a 2011, aka ga diragon na shawagi a Japan kusa da dutsen Fuji, ana ta haifar elf masu tsinin kunne da wadanni, 2021 kuma mutane suka wayi gari wasu sun rikiɗe sun koma ƙattai masu kama da dodanni da ake ce wa ok da turol, manyan kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi har dokarsu ce ke aiki cikin filinsu, wani diragon Lofwyr shi ke riƙe da kamfanin Saeder-Krupp sukutum. Kai kuma ba kowa ba ne, ko lambar shaidar ɗan ƙasa ba ka da ita, kana rakuɓe a lungun Seattle sai wani mai kwat da ake ce ma Mista Johnson ya kira ku ya ba ku aikin da in an kama ku kamfaninsa zai ce bai san ku ba.

To matsalar dokokin ne. Bugu na biyar muka samu, na 2013, littafin ya kusa shafi 500 kuma a waya muke karanta shi. Harbi ɗaya kawai fa, sai mai harbin ya tara dayis na gwanintarsa da na zafin namansa, ya cire na duhu da na nisa da na girgizar bindiga, ya jefa ya ƙirga biyar da siki, wanda aka harba ya jefa nasa na gocewa, a cire, a ƙara a kan ɓarnar bindigar, sannan ya sake jefa na jikinsa da sulkensa bayan an rage abin da harsashin ke hudawa. Wannan harsashi ɗaya kenan. Ga mai ƙarafa a jiki yana samun zagaye biyu ko uku kafin wani ya sake motsawa. Ɗan kutsenmu in ya shiga Matrix, wato intanet ɗin duniyar wasan, wasu dokoki ne daban, mai sihiri in ya fita daga jikinsa wasu ne daban, direban jirage marasa matuƙi shi ma nasa daban, sai ka ga mutum huɗu sun koma danna waya suna jiran mutum ɗaya ya gama buɗe ƙofa. Haɗa jarumi kuma ba a magana, yawancin mutane da manhajar Chummer suke yi a kwamfuta, mu kuma laftof ɗaya ce a tsakaninmu ga wuta ba tabbas.

Lokacin da muke samu daga bayan la'asar ne zuwa magariba ran Asabar, in an koma bayan isha'i a ɗan ƙara. Biyu daga cikinmu turancinsu ba mai zurfi ba ne, da Hausa nake jan wasan dama, so ina son dokar da zan iya bayaninta da baki a minti goma kowa ya riƙe. Dayis kuma na lido ne muke da su da yawa, masu fuska ashirin ɗin nan ban taɓa ganin ana sayarwa a kasuwa nan ba. Abin da ba na so mu rasa shi ne ɗan kutse da mai sihiri da mai hannun ƙarfe su zauna a tawaga ɗaya kowa ya ji shi daban ne. Akwai wanda ya taɓa buga wannan duniyar da wasu dokokin? Nagode.

Malam_Samaru

Wa alaikumus salam Ɗan Gwammaja. Abin da ka faɗa ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya so Shadowrun ya yi wannan kukan, shi ya sa mutane da yawa suka ari duniyar suka bar dokokin. Ni shawarata ba ta da kwana-kwana, ka nemi Blades in the Dark na John Harper, ya fito 2017. Ba na zamanin kwamfuta ba ne, labarin ɓarayi ne a wani birni mai duhu da fatalwa, amma ƙashin bayansa daidai yake da naka: tawaga ta karɓi aiki, ta shiga, abu ya lalace, ta fito da ƙyar, ta raba kuɗi, hukuma ta fara shinshina. Kuma ainihin dokokin suna nan kyauta a shafinsu na intanet, sun ba da izini kowa ya gina nasa a kai. Akwai ma wanda ya riga ya yi maka aikin, sunan littafin Runners in the Shadows, ya sa ɗan kutse da mai sihiri da direba duka a ciki.

Ga yadda jifan yake, kuma wannan kusan shi ne dokar gaba ɗaya. Ka ɗebi dayis na lido gwargwadon gwanintarka, yawanci ɗaya zuwa uku, ka jefa ka duba mafi girma kawai. Siki, ka yi abinka lafiya. Huɗu ko biyar, ka yi amma da tsada, ko an gan ka ko ka ji ciwo ko lokaci ya tafi. Ɗaya zuwa uku, abu ya ɓaci. Siki biyu kuma ka wuce yadda ka nema. In ba ka da gwanintar sam ka jefa biyu ka ɗauki ƙaramin. Mai dayis ɗaya rabin lokaci yake faɗuwa, mai biyu ɗaya bisa huɗu, mai uku ɗaya bisa takwas, kaga ba sai an tara goma sha biyar a hannu ba kafin a ji bambancin gwani da ɗan koyo. Kai mai jan wasa ba ka jefa wa masu gadi komai, kafin jifa kawai za ka faɗa masa haɗarin da yake ciki da girman abin da zai samu, shi kenan.

Amma abin da ya fi burge ni, wanda ina ganin shi zai cece ku da wannan ɗan lokacin naku na bayan la'asar, shi ne an cire zaman tsara shiri. Ka san a Shadowrun sai a cinye zama guda ana gardamar ta wace ƙofa za a shiga, wa zai riƙe mota, in kaza ya faru fa, sannan ana shiga mai gadi na farko ya rusa shirin duka. A nan sai su zaɓi salon shiga kawai, ta ɓoye ko ta yaudara ko da ƙarfi, a yi jifa ɗaya a ga yadda aka fara, ka jefa su tsakiyar ginin. In sun ci karo da ƙofa mai kati sai ɗaya ya ce ai shekaranjiya na sayi mai shara ya ba ni katinsa, a koma baya a buga wannan ɗan wajen, ya biya da gajiyar rai ɗaya ko biyu gwargwadon wahalar abin. Kowa na da gurbi tara na wannan gajiyar, in ya cika ya samu tabo a zuciya, tabo huɗu jarumin ya yi ritaya. Kaya ma haka, ba ka rubuta jerin abin da ke jakarka, ka ce nauyi kaɗan na ɗauko ko matsakaici ko mai yawa, uku ko biyar ko shida, sai lokacin buƙata ka ce igiya ce ɗaya daga ciki.

Sai agogo. Ka zana da'ira ka raba ta huɗu ko shida ko takwas, ka rubuta "masu gadi sun farga", duk wanda ya samu huɗu ko biyar ko ya faɗi sai ka cike yanki. Suna gani da idonsu a kan tebur tana cika, wlh za ka ga yadda hankalinsu ke tashi ba tare da ka buɗe littafi ba.

Baban_Ƙarfe

Malam Samaru ina girmama ra'ayinka amma ban yarda gaba ɗaya ba, kuma ina so Ɗan Gwammaja ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya yanke. Nauyin Shadowrun ba duka ne banza ba. Wannan zaman da mutum zai yi yana lissafin nuyen ɗinsa, wato kuɗin cikin wasan, dubu 450 in ya sa dukiya a matakin farko, yana auna ya sayi ido ko ya sayi jijiyar sauri, wannan shi ne daɗin wasan ga wasu mutane. Kowa yana farawa da maki 6 na mutuntakarsa, duk ƙarfen da aka dasa maka sai ya ci wani abu a ciki, in ya kai sifili ka mutu, mai sihiri kuma ko kaɗan ya taɓa sihirinsa ya ragu. Wannan lissafin ne ke sa ka ji a jikinka cewa ƙarfi ana sayen sa ne da kai kanka. In ka koma wasan da bindigar dubu biyu da ta dubu hamsin duk jifa ɗaya ne, akwai ɗan wasan da zai ji an cuce shi, kuma na ga irin wannan, mutum ya ce min to me ya sa zan tara kuɗi? Cikin ku shida ina tabbatar maka akwai mai irin wannan zuciyar ko da ɗaya ne.

Sannan Blades yana ɗora wa mai jan wasa kaya mai nauyi da ba a cika faɗa ba. Huɗu da biyar su ne suka fi fitowa, kuma duk fitowarsu sai ka ƙirƙiro sabuwar matsala nan take wadda ta dace, ba maimaici ba, ba ta yi tsanani ba ba ta yi sanyi ba. Sabon mai jan wasa kansa na iya ɗaukar zafi kafin magariba.

Ni abin da nake bugawa shi ne Cities Without Number na Kevin Crawford, 2023. Akwai bugun kyauta a shafin sayar da littattafan wasa na DriveThruRPG kuma cikakken wasa ne ba ɗanɗano ba, sai dai sihiri da kiran aljanu suna cikin bugun kuɗin, wannan kam sai ka saya. Gwaninta dayis biyu na lido ne ka haɗa da makinka ka kai 6 ko 8 ko 10 ko 12 gwargwadon wuyar abin. Faɗa jifa ɗaya ne na samu ko kuskure sai na ɓarna. Ƙarafan jiki suna nan da farashinsu da iyakar da jikinka zai iya ɗauka, kaga mai son lissafi bai rasa abinsa ba. An kuma tsara kutsen ta yadda ɗan kutse sai ya bi tawaga cikin ginin, ba ya zauna a ɗaki yana aiki daga nesa ba. Ko ba za ka buga shi ba ka sauke don jadawalin da ke bayansa, na ƙirƙirar kamfani da 'yan daba da unguwa da aikin da za a ba su, suna aiki da kowane irin wasa.

Eh yana buƙatar mai fuska ashirin a faɗa. Manhajar jefa dayis a waya ta isa, ba ta cin data, ko ku yanka takardu ashirin ku zuba a hula.

Ɗan_Gwammaja

Allah ya saka da alheri ku duka biyu. Baban Ƙarfe kamar ka san mutanena, akwai ƙanin abokina da ke riƙe da mai hannun ƙarfen, shi kam shafukan bindigogi ya haddace, in na ce masa duk bindiga ɗaya ce ba zai ji daɗi ba. Amma sauran huɗun labari suke so. Malam abin da ban gane ba a naka shi ne ɗan kutse, in jifa ɗaya ne ya buɗe komai ai aikinsa ya zama ba komai, in kuma na ja shi mun koma gidan jiya. Sannan na ga ana maganar wani Shadowrun mai sauƙi da su kamfanin suka yi da kansu, akwai wanda ya san shi?

Ɗan_Damagaram

Sannunku da hira, ni daga Zinder nake bin ku. Wanda kake tambaya Anarchy ne, kamfanin Catalyst suka fitar da shi 2016, su ne masu riƙe da Shadowrun yanzu. Mu da faransanci muka same shi, don akwai kamfani a Lyon, Black Book, su ke buga Shadowrun a Faransa, kuma su ɗin ne suka ɗauki aikin sabon Anarchy na biyu.

Amfaninsa na farko ba sai ka fassara komai ba, sunayen duka na duniyar ne, kamfanoni irin su Ares da Renraku da Aztechnology da sauransu, jifan ma irin wanda kuka saba ne, tarin dayis na lido biyar da siki su ne nasara, sai dai tarin bai kai na bugu na biyar ba kuma abubuwan ragewa da ƙarawa kaɗan ne. Sihiri da ƙarfen jiki da kayan kutse duk an zuba su a tukunya ɗaya, kowanne abu ne da ke ƙara maka dayis ko ya ba ka damar sake jifa, kaga doka ɗaya za ka koya ba huɗu ba. Jarumi yana shiga takarda ɗaya, da 'yan kalmomin da ya saba faɗa a rubuce don ɗan wasa mai kunya ya samu abin kamawa. Akwai kuma maki na juya labari da kowa ke kashewa ya shigo da wani abu.

Inda zan ja kunnenka biyu ne. An rubuta shi da nufin kowa a tebur ya karɓi labari ya ja bi da bi, mu da muka gwada haka bai zauna ba, wani ya ja gabas wani yamma, sai muka mayar da jan labari hannun mutum ɗaya kuma wasan bai lalace ba. Na biyu, bugun farko na turanci yana da giɓi, wasu wuraren kamar suna ɗauka ka riga ka san babban littafin. Ku da kuka karanta na biyar wannan ba zai dame ku ba sosai. Kuɗi ma ba a ƙirga su yadda Baban Ƙarfe ke so, wannan yaron naku mai son bindigogi zai ɗan yi ƙorafi.

Bugu na shida na 2019 kuma kar wani ya ce maka shi ne mai sauƙin. An rage wasu lissafin an mayar da su wani tsarin maki da ake samu ana kashewa kowane zagaye, a ganina nauyin ya canza wuri ne kawai, Matrix da sihiri da tuƙi har yanzu kowanne da babinsa.

Wani abu da zai iya ba ku sha'awa, akwai littafinsu na 2008, Feral Cities, birane biyu ya fi ba ƙarfi, Chicago da Legas, ya zana Legas a matsayin birnin da ba gwamnati sai masu ƙarfi. Ba dokoki ne cike da shi ba, bayanin wuri ne, zai yi aiki da duk tsarin da kuka zaɓa in wata rana aiki ya fito da tawagarku daga Seattle.

Yar_Tudunwada

Salam. Ni ƙannena da 'ya'yan yayata nake ja wa wasa a gida in an yi hutu, kuma ban sayi littafi ko ɗaya ba, don haka bari in faɗi yadda muke yi ko zai yi amfani.

Na ɗauki jifan Apocalypse World ne na Vincent da Meguey Baker, na 2010, wanda wani wasan mai suna The Sprawl ma a kansa aka gina shi. Dayis biyu ka haɗa da makinka. 10 zuwa sama ka samu, 7 zuwa 9 ka samu da sharaɗi, 6 zuwa ƙasa ni ke faɗin abin da ya faru. In ba ka da ƙari ko ɗaya, cikin 36 sau 6 ne kawai za ka samu tsaf, 15 da sharaɗi, 15 faɗuwa. Ƙarin maki ɗaya tak ya mayar da faɗuwar 10 cikin 36. Shi ya sa ba na barin kowa ya wuce ƙarin uku, wasan zai mutu.

Kowa na da halaye biyar a takardarsa, ƙarfi, sauri, kai, baki, da gaibu. Sai na ɗauko abu ɗaya daga Shadowrun da na ga in babu shi duniyar ba ita ba ce, wato makin nan 6 da Baban Ƙarfe ya ambata. Na zana gurbi shida a ƙasan takarda. Duk ƙarfen da ka dasa ya cinye gurbi ɗaya, babba ya cinye biyu, kuma kowane ƙarfe jimla ɗaya ce a rubuce, misali idon da ke gani a duhu, ko hannun da ke ɓalla ƙofa ba sai an jefa ba. Mai sihiri kuma adadin guraben da suka rage masa shi ne iyakar ƙarfin da zai iya kira. Kafin ya jefa sai ya faɗa min ƙarami zai yi ko babba, in ya samu 7 zuwa 9 sihirin ya fita amma ya sha jiri ko haɓo, babba kuma ya kwantar da shi. Wannan shi ne abin da babban littafin ke yi da shafuka masu yawa, mai sihiri yana biya da jikinsa. Kuma ina ƙara abu ɗaya da ba lissafi ba, wanda gurabensa suka rage biyu ko ɗaya, yara na gudunsa a labarin, karnuka na haushi, mai sihirin tawagar in ya dube shi da idon gaibu duhu-duhu yake gani. Ɗan yayata da ya cika jikinsa da ƙarfe sai da ya zo yana tambaya ko akwai likitan da zai cire masa wani, ban taɓa ce masa ya yi ba, shi ya ji abin ya dame shi.

Game da yaronku mai son bindigogi yaya Ɗan Gwammaja, kar ka hana shi littafinsa. Ka bar shi ya zaɓi bindigar da sunanta da farashinta daga can, kai kuma ka ba kowacce lamba ɗaya ta ɓarna daga 1 zuwa 4 da siffa biyu, mai ƙara ce ko marar ƙara, tana ɓoyuwa a riga ko ba ta ɓoyuwa, tana huda sulke ko a'a. Siffar nan sai ka riƙa sa ta yi aiki a labari, mai babbar bindiga ba zai wuce ƙofar otal ɗin Mista Johnson ba. Ya samu abin taƙama, kai ba ka ƙara lissafi ba.

Abu na ƙarshe, a gidanmu Baba ba ya son ganin dayis saboda hadisin nan da ya zo a kan nardu, wani wasa da ake yi da dayis, kuma ban tsaya jayayya da shi ba. Katin Whot na ware, ɗaya zuwa biyar da wani kati da muka sa ya tsaya a matsayin shida, kashi biyu, a zari ɗaya daga kowanne a mayar a sake cakuɗawa. Lissafin bai canza ba. Na faɗa ne ko cikin mutanenka akwai mai irin wannan damuwar a gida. Sihirin ma tun farko nake gaya wa yaran ƙagaggen labari ne, kuma ba na sa sunan wani abu na gaske da mutane ke tsoro a ciki.

Malam_Samaru

Hajiya Yar Tudunwada wannan gurbi shida naki zan ɗauka, ya fi yadda nake yi tsafta. Baban Ƙarfe kuma ka yi gaskiya kan gajiyar ƙirƙiro matsala, maganin da na samu shi ne kafin zama in rubuta matsaloli goma a bayan takarda waɗanda suka dace da ginin da za a shiga, kyamara ta juyo, lif ya tsaya, aljanin gadi ya ji ƙamshin sihiri, harsashi ya ƙare, wani ma'aikaci ya dawo ɗaukar jakarsa, in kaina ya tsaya sai in duba.

Kan ɗan kutse Ɗan Gwammaja, ba jifa ɗaya ba kuma ba wasa daban ba. Ka zana agogo biyu gefe da gefe, ɗaya "an samu fayil" mai yanki shida, ɗaya "an gano shi" mai yanki huɗu. Sai ka riƙa zagayawa da tebur kamar yadda kake yi a faɗa, ɗan kutse ya yi jifa ɗaya, ka juya kan mai ƙarfe da ke riƙe da ƙofa, ka juya kan mai baki da ke jan hankalin sakatariya a ƙasa, ka dawo. Sharaɗin da nake kafawa shi ne duk abin da ɗan kutse ya yi sai ya taɓa ɗakin da sauran suke, in ya ci ya zaɓa ko ya cike agogon fayil ko ya kashe wa abokansa kyamara, ba duka biyu ba, in ya faɗi ƙofa ta rufe a kansu ko fitilu su koma ja. Haka sauran za su riƙa yi masa ihu ya taimake su shi kuma yana ce musu su ƙara masa minti ɗaya. Sannan ka ce muhimman fayil ba a haɗa su da waje ba, dole a kai shi har ɗakin da na'urar take ya jona waya. Mai sihirin da ya fita jikinsa ma haka za ka yi masa, jifa ɗaya tambaya ɗaya, gangar jikinsa kuma tana kwance a mota wani sai ya tsare ta.

Baban_Ƙarfe

To in dai za a bar wa yaron farashi da sunayen kaya kamar yadda Hajiya ta ce ni ba ni da ja. Amma ka riƙe kuɗin da gaske Ɗan Gwammaja, haya da abinci da gyaran ƙarfe da cin hancin likitan lungu, ka cire musu duk wata a labarin. Tawagar da ba ta da bashi ba ta da dalilin karɓar aikin da ta san akwai cin amana a ciki.

Ɗan_Gwammaja

Madalla, na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi ran Asabar in Allah ya kai mu, jifan Malam na ɗaukar mafi girma da agogonsa da komawa baya, guraben Hajiya shida a ƙasan takarda, kuɗi kuma a hannun yaron nan zan sa shi ya zama ma'ajin tawaga tunda yana son lissafi. Na sauke na Crawford ɗin ma yanzu don jadawalin ayyuka. Ɗan Damagaram zan nemi na Legas ɗin daga baya, yanzu a Redmond ta Seattle zan fara su, unguwar da 'yan sanda ba sa shiga.

Saura tambaya ɗaya Hajiya, direban jirage marasa matuƙi ya kike yi da shi? Jirgin jarumi ne na biyu mai takardarsa ko kaya ne kawai?

Yar_Tudunwada

Kaya ne, kar ka ba shi takarda, in ka ba shi mutum ɗaya zai riƙa yin zagaye uku sauran na kallo. Ka rubuta kowane jirgi da siffa ɗaya, mai leƙe ko mai harbi ko mai ɗaukar kaya, direban ya jefa da makin kansa a zagayensa shi kaɗai. In ya samu da sharaɗi ka ba shi zaɓi, ko jirgin ya lalace sai an kashe kuɗin gyara, ko a bi siginar a gano motar da yake zaune. Ka fara shi da biyu kawai, na uku sai ya saya.